"To" Ɗin Malam Rufus

Duk wanda ya zauna a Doha bai taɓa jin sunan Malam Rufus Tanko ba, ya je a duba masa kunne, ko kuwa ya gode wa Allah. Mutum ne da Ubangiji ya yi wa baiwa, ya kuma yi wa harshen Hausa gata da shi. Kafin bayyanarsa, magana muke yi kara zube kamar yadda muka tarar iyayenmu suna yi. A gaisa, a tambayi gida, a tambayi gajiya, a zaga a zago, sannan mutum ya faɗi abin da ya kawo shi. Ashe duk ɓarna muke tafkawa ba mu sani ba. Sai da Malam Rufus ya zo da askarsa muka gane cewa rabin abin da ke fita bakinmu gashi ne da ya kamata a aske. Shi ya sa masoyansa suka naɗa shi Wanzamin Jimla, kuma ya karɓi sarautar hannu bibbiyu, bai taɓa tambayar dalilin da ya sa ake ƙunshe dariya in an kira shi da ita ba.

A takarda dai ma'aikacin ɗakin hoton ƙashi ne a wani asibiti da ke wajen Al Gharrafa. Aikinsa ya tsayar da mutum gaban na'ura ya ce masa, ja numfashi, riƙe, saki. Shekara shida yana wannan aiki lafiya lau, yana raha da kowa, har ran da wani majinyaci ya manta da littafi a kan bencin jira. Tarin gajerun labarai ne na wasu marubutan Amurka na wajen shekara ɗari da suka wuce, mutanen da suka gaji da dogon Turanci mai ado, suka koma rubuta jimloli gajeru, ba kwalliya, ba wa'azi. Za su nuna maka mutum yana wani ɗan aiki na banza alhali zuciyarsa tafasa take, su ƙi gaya maka, su bar ka ka gano da kanka. Su dai sun san abin da suka ɓoye, sun kuma san inda suka ajiye shi. Malam Rufus kuwa ɓoyewar kawai ya gani, ita ya ɗauka.

Labarin da ya fi tafiya da hankalinsa shi ne na ƙarshe, wanda ya tsaya cak a tsakiyar jimla. Kwana uku yana girgiza kai yana cewa, "Kai, Amurkawa! Ko aya ba su sa ba!" Duk wanda ya riƙe littafin zai ga zare na reto a baya, inda shafuka suka zube tun kafin ya zo hannunsa. Amma wa zai gaya wa Wanzami haka? Ai sai ya ce ba ka waye ba.

Bai yi wata guda ba ya kafa ƙungiya, ya raɗa mata suna Zauren Gajeren Zance. Duk Juma'a da la'asar, bayan Kiristoci sun taso daga sujada, Musulmi sun sauko daga masallaci, sai a taru a kan ciyawar Corniche da ke bakin teku, kowa da kofin karak, shayin nan mai madara da kayan ƙamshi, a hannu. Mutane na zuwa ne saboda iska da kuma kewar jin Hausa. Shi kuwa ya ɗauka ƙishin ilimi ne ya kawo su. Zai miƙe tsaye, ya juya wa teku baya, ya gyara tabarau, ya fara:

"Jama'a, labari ƙashi ne. Nama ƙarya ne. Ni da nake ganin cikin mutane kullum na san abin da nake faɗa. In na ɗauki hoton mutum, ina kitsen? Ina gashin bakin? Babu! Ƙashi zalla. Haka marubucin ƙwarai yake yi. Kalma ɗaya a sama, dubu a ƙarƙashi. Bahaushe ma ya ce shiru ma magana ce, amma ya faɗa ne bai gane ba, sai da Amurkawa suka zo suka nuna masa. Zan ba ku dalilai goma sha bakwai a taƙaice."

Wannan taƙaicewar takan ɗauki awa biyu da 'yan mintoci. Shayi ya huce, ƙafafu su yi tsami, jiragen katako masu yawo da 'yan buɗe ido su tafi su dawo, Malam na kan dalili na tara. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Wata rana Wasilatu, wata baiwar Allah 'yar Zangon Kumasi da ke aiki a wani kanti a Mushairib, ta yi kuskuren kawo labarin da ta rubuta. Shafi huɗu ne a kan kakarta, wadda ta shekara talatin tana dama koko a ƙofar masallaci, ta san wanda ke son tsami da wanda ke son sukari, ta kuma rasu Wasilatu tana nan Doha ba ta samu zuwa jana'iza ba. Malam Rufus ya zaro jan biro, ya lashi leɓe, ya hau aiki. Ya aske masallacin, ya aske shekara talatin, ya aske tsami da sukari. Da ya gama, abin da ya rage ke nan: Kaka ta dama koko. Kaka ta daina. Wasilatu ta dubi takardar, hawaye suka zubo mata, ta tashi ta bar wurin. Malam ya juyo ga jama'a fuska cike da annuri ya ce, "Kun gani? Kalma bakwai, ga hawaye. Da shafi huɗun nan ne wa zai yi kuka?" Tun daga ranar Wasilatu ba ta sake rubuta ko wasiƙa ba.

Da ya gama da rubutu sai ya waiwayi gaisuwa. Ya yi nazari ya gano cewa ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina aiki, tambaya huɗu ce mai amsa ɗaya, kuma edita nagari ɗaya zai bari. Saboda haka in ka ce masa ina kwana, sai ya ce lafiya, ya ɗaga maka tafin hannu kamar ɗan sandan hanya, wato sauran a bar su a ƙarƙashi. Dattawan coci suka yi ta mamaki, wasu har suka sa shi a addu'a.

To, duk wannan da sauƙi, da a ce babu Jael a cikin lamarin.

Jael Bitrus nas ce a asibitinsu, 'yar Kagoro, mace mai fara'a da kaifin hankali, wadda in ta yi dariya har majinyata na waiwayowa. Allah ya jarrabe ta da son Malam Rufus, wannan kuwa gaskiya ce, ba zolaya ba. Ta san shi tun kafin littafi, lokacin da yake iya kwaikwayon muryar kowane likita a asibitin har sai cikinta ya ƙulle. Wancan Rufus ɗin take jira ya dawo. Shi ma yana son ta, so na haƙiƙa, irin wanda ke sa mutum ya saka wa majinyaci hannun hagu a na'ura alhali na dama ne ya karye, don kawai ta gifta ta bakin ƙofa. Ba abin da yake buri a duniya kamar ya aure ta. Sai dai a fahimtarsa, babban marubuci ba ya cewa ina son ki. Wannan aikin mawaƙan biki ne.

Shekara biyu yana neman ta a salon Amurka. Duk mako sai ya tura mata labari ta waya. Mutum ya zauna. Mace ta zauna. Akwai kujera ta uku. Ko kuwa: Ya sayi lemo biyu. Ya sha ɗaya. Jael ta karanta, ta juya wayar sama da ƙasa, ta amsa da cewa, "Yaya Rufus, saƙon bai gama shigowa ba." Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce a ransa, yarinyar nan ta fara nitsewa. A lissafinsa, da labarin lemo ya nemi aurenta, da labarin kujera kuma ya sanar da ita yana son haihuwa.

Ta ma taɓa buɗe masa ƙofa da hannunta. Wata ranar hutu tana waya da mahaifiyarta, sai ta miƙa masa ta ce, ga Mama ku gaisa. Duk ɗan da aka haifa a Arewa ya san abin da ake nufi in budurwa ta miƙa maka mahaifiyarta. Nan ne mutum ke rusunawa ko da ba a ganinsa, ya gaida gida, ya gaida gona, ya gaida ciwon gwiwa. Malam Rufus ya karɓi waya, ya yi gyaran murya, ya ce, "Mama." Ya yi shiru mai ma'ana. Tsohuwa ta ce, "Ina wuni, ɗana? Ina aiki? Ina zaman baƙunci?" Ya ce, "Lafiya." Ya miƙa wa Jael wayarta yana jin ya kafa tarihi. Daga can Kagoro aka ji muryar Mama tana tambaya a hankali, ko yaron nan majinyaci ne a wurinsu.

Ana wata ga wata. Akwai wani Desmond, mai gyaran lif a manyan benayen Mushairib, ɗan Pankshin, mai baki kamar rediyo. Desmond in ya gaishe ka sai ya gaida kakanninka da awakin gidanku. Bai taɓa karanta labarin Amurka ko ɗaya ba, kuma in zai ba ka labarin yadda ya sayi takalmi, daga ranar haihuwarsa zai faro. Malam Rufus ya raina shi ƙwarai, yana kiransa Buhun Surutu. Sai dai shi Buhun Surutu ya samu lambar Mama, yana kiranta duk Lahadi, har ya san sunan maganin gwiwarta. Ya kuma dubi Jael ido da ido a bakin ƙofar coci ya ce yana son ta, yana son ya aure ta, ya maimaita sau uku don kada a ce ba a ji ba.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya, bayan an tashi daga Zaure, Jael ta tsaya har kowa ya watse. Ta zo ta zauna kusa da Malam Rufus a kan dakalin bakin ruwa. Rana ta yi sanyi, masu motsa jiki na wucewa. Ta daɗe tana murza igiyar jakarta kafin ta yi magana.

"Yaya Rufus, Desmond ya ce yana so ya tura mutanensu gidanmu. Ban ba shi amsa ba. Na ce sai na ji ta bakinka tukuna. Kana da abin da za ka ce?"

Wayyo! Da bebe aka yi wa wannan tambaya da ya yi magana. Kalmomi suka taso wa Malam Rufus, na gaskiya, masu zafi, suka cika masa baki. Amma a daidai wannan lokaci sai shaiɗanin adabi ya raɗa masa a kunne: duba fa, ga teku, ga mace, ga shayi, ga abin da ba a faɗa ba. Yau ce ranar da ka shekara biyu kana jira. Kada ka ɓata shi da surutu. Sai ya haɗiye kalmomin duka, ya kafa wa ruwa ido, ya juya kofinsa sau ɗaya a hannu, ya zaɓo kalma mafi gajarta da Allah ya halitta a Hausa.

"To."

Jael ta jira. Ta ba shi lokacin da za a iya karanta Zabura guda. Sannan ta ce, "To ka ce?"

Ya gyaɗa kai a hankali, ya ƙara da cewa, "Shayin ya huce." Wannan a ganinsa ita ce jimlar da za a riƙa koyarwa a jami'o'i.

Ta yi wata 'yar dariya wadda ba ta kama da dariyarta ba, ta miƙe, ta kakkaɓe siket, ta nufi tashar jirgin ƙasa ba ta waiwayo ba. Malam ya bi ta da kallo cike da alfahari. Ya tabbata abin ya ratsa ta, tunda ga shi ta kasa cewa komai.

Gariba ne ya fara jin labarin. Gariba direban motar ma'aikatan asibitin ne, dattijo ɗan Zangon Nima a Ankara ta ƙasar Gana, mutumin da bai cika magana ba, ba don ya karanta wani littafi ba, haka Allah ya yi shi. Washegari Malam Rufus ya zauna kusa da shi a gaba, ya shiga fassara masa "to" ɗin tun daga ƙofar gida har ƙofar asibiti.

"Ka gane, Malam Gariba, harafi biyu ne a sama. Amma a ƙarƙashi fa? Akwai ina son ki. Akwai kada ki kuskura. Akwai wane ne Desmond. Akwai gida mai ɗaki uku a Kaduna. Duk na zuba su ciki na rufe. Mai karatu mai basira zai buɗe."

Gariba ya saurara har ya gama faka mota, ya ja birki, ya ce, "Maigida, a Zango dai in mace ta ce wani zai kai gaisuwa gidansu, ka ce to, ka ba da ita ke nan. Khalas, magana ta ƙare."

Malam Rufus ya yi dariyar tausayi. Ina direba ina adabi?

Sati uku bai ga Jael ba sai daga nesa, ya ɗauka nazari take yi. Ran nan yana ɗakin hoto sai ga Desmond ya shigo da fara'arsa, ya gaishe shi, ya gaida na'urar, ya zaro takarda daga aljihu. Ya ce mai buga kati ya ce rubutun ya yi yawa ba zai shiga ba, kowa kuma ya ce a duk Doha ba wanda ya iya rage magana kamar Malam, don Allah a taimaka a aske masa. Malam Rufus ya ji daɗi, ya zaro jan biro, ya lashi leɓe. Ya aske "cikin farin ciki da godiya ga Ubangiji". Ya aske "iyalan marigayi". Ya gangaro layi na biyar, biro na sama, sai ya ga sunaye biyu manya-manya da zanen zobe a tsakaninsu. Ya karanta. Ya cire tabarau ya goge ya sake karantawa. Sunayen ba su canza ba.

"Jael ta ce kai ne ka fara sa mana albarka," in ji Desmond, idonsa har da ƙwalla. "Allah ya saka, Yaya. Kai ne babban wanmu a wannan ƙasa."

A ranar Wanzamin Jimla ya nemi izini ya koma gida da rana tsaka, ya ce kansa ke ciwo. Ya ture littafin Amurkawa gefe, ya jawo takarda, ya fara rubutu irin na mutanen da ya raina. Ya fara da gaisuwa. Ya gaida Jael, ya gaida aiki, ya gaida gajiya, ya gaida Mama da gwiwarta, ya gaida dutsen Kagoro. Ya kira ta farin wata, ya kira ta sanyin idaniya, ya kira ta zuma, ya kira ta abubuwan da ko mawaƙan biki za su ji kunya. Ya rubuta ina son ki sau talatin da ɗaya. Ya fassara labarin lemo, ya fassara labarin kujera. "To" ɗin kaɗai ya ci shafi tara, da kanun magana da ƙananan kanu. Da ya ajiye biro shafi ashirin da uku ne cif, kuma a gaskiya, tun da aka san shi bai taɓa rubuta abin da ya kai su kyau ba. Ya ɗauki hotonsu ɗaya bayan ɗaya ya tura mata. Sai dai magana zarar bunu ce, kuma tasa ta riga ta fita tun a bakin teku.

Wayar ta nuna Jael ta buɗe saƙon. Ya zauna a bakin gado yana kallo. Ta nuna tana rubutu. Ta tsaya. Ta sake nuna tana rubutu, ta daɗe, har ya fara murna cewa amsar mai tsawo ce. Ta sake tsayawa. Malam ya yi addu'ar da ya manta rabonsa da irinta. Can sai wayar ta yi ƙara.

To.

Har da aya ta sa, abin da Amurkawan ma ba su yi ba.

Ashe wanzami ba ya son jarfa. Mutumin da ya aske kakar Wasilatu har ƙashi bai ji komai ba, ga shi harafi biyu sun hana shi cin abinci. Ya kira, ba a ɗauka ba. Ya tura alamar tambaya, ba a amsa ba. Juma'ar da ta zagayo ba a yi Zaure ba, jama'a suka sha shayinsu da zafinsa, suka gaisa har suka ƙoshi.

Amma kada ku ɗauka Malam ya saduda. Babban masani ba ya faɗuwa haka nan. Zuwa ranar Lahadi ya farfaɗo, ya shigo motar ma'aikata da wayar a hannu, ya zauna kusa da Gariba, ya ƙara girman rubutun har "to" ɗin ya cika fuskar wayar.

"Malam Gariba, na yi nazari. Yarinyar nan ɗalibata ce, ta koyi salon. Wannan ba amsa ce ta banza ba. Harafi biyu ne a sama, amma dole akwai abin da ta ajiye a ƙasa. Dubi nan da kyau, kai dattijo ne. Me kake gani a ƙarƙashinsa?"

Gariba ya karɓi wayar, ya nisantar da ita daga idonsa, ya duba tsakani da Allah. Ya mayar masa, ya tayar da mota.

"Desmond," in ji shi.